Sabon Babur da Ɗan Koyo a Sana'ar Bensikin ta Duwala

Bensikin shi ne sunan da mutanen Duwala ta Kamaru suke kiran babur ɗin haya, wato abin da Kanawa suka sani da acaɓa, mutanen Maraɗi da Damagaram kuma da kabu-kabu. Sana'ar ba tsohuwa ba ce a birnin, domin a farkon shekarun 1990 ta kafu, amma ta riga ta yi nata al'adu. Babu inda suka fi bayyana kamar a shirin da ake yi wa sabon babur kafin a miƙa makullinsa ga yaron da bai taɓa aikin ba. A unguwar Hausawa ta New Bell da bakin kasuwar Sandaga, wannan shiri yakan bi ta hannun mai gidan da ya zuba kuɗi, da bakaniken da ya haɗa, da mai walda, kafin ya iso ga ɗan koyo. Yadda ake yin sa ya yi ta sauyawa da sauyin baburan da ke shigowa da kuma mutanen da ke hawansu.

Tushen maganar yana komawa ga yadda baƙi suka zauna a birnin. A 1884 sarakunan Duwala na gidan Bell da na gidan Akwa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta shigar da su ƙarƙashin Jamus. Daga 1910 Jamusawa suka tsara tashin 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri zuwa can ciki, a bar wa Turawa gaɓar ruwa, kuma wurin da aka ware wa zuriyar Bell shi aka kira New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914, makonni kaɗan kafin sojojin Ingila da Faransa su karɓe garin. 'Yan ƙasa ba su rungumi sabon matsugunin ba, sai ya zama na baƙi. A zamanin Faransa ya cika da Basa da Ewondo da Bamileke da mutanen Afirka ta Yamma, kowace al'umma da ɓangarenta da shugabanta. Hausawa, waɗanda fatauci ta Adamawa ya gangaro da su bakin teku tun zamanin Jamus, su ma suka kafa nasu zango a ciki, da masallaci da mahauta da maɗinka.

Abin da zangon ya riƙe, wanda daga baya ya yi wa sana'ar babur rana, shi ne tsarin mai gida. Saurayin da ya sauko daga Arewa yakan nemi ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa idan magana ta taso, ya sama masa jari ko kayan aiki. A bakin mutanen kudancin Kamaru, Bahaushe kan haɗa har da Bafulatani da Babarbare da sauran Musulmin Arewa, kuma a zango duk tsarin nan ɗaya suke bi. Da layin dogo ya kai Ngaundere a 1974, zuwa ya ƙara sauƙi. Kayan aikin da ake bai wa sabon zuwa a da ba su wuce tiren talla, ko wuƙa da tukubar tsire, ko amalanken dako ba. Kasuwa irin Sandaga, da ke tsakanin tashar jiragen ruwa da shataletalen Deido, inda manyan motoci ke sauke tumatir da kayan miya da 'ya'yan itatuwa tun kafin asuba, ta daɗe tana cin ƙarfin irin waɗannan samari. Babur a wannan jeri ya shigo, sai dai ya fi duk na gabansa tsada, ya kuma fi su haɗari.

Duwala ba ita ta fara haya da babur ba. A Benin an san ta da sunan zemijan a Porto-Novo da Kwatano, a Najeriya kuma haya da babur ta bazu a shekarun 1980, musamman bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin gyara na 1986. A Kamaru kanta garuruwan Arewa irin su Marwa da Garwa suka riga kudu, domin tasi ba ta da yawa a can, ga babura da fetur mai arha suna tsallako iyaka daga Najeriya. Saboda haka da ƙofar ta buɗe a Duwala, akwai 'yan Arewa da suka riga suka san aikin.

Siyasa da talauci ne suka buɗe ta. A 1991 'yan adawa suka kira yajin gama-gari na watanni, wanda aka yi wa laƙabi da matattun birane, domin tilasta wa gwamnatin Paul Biya kiran babban taron ƙasa. Aka datse tituna, tasi ta kasa fita, amma babur yana bin lungu ya kewaye shinge, sai masu shi suka fara ɗaukar mutane suna karɓar ɗan abin da ya samu. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 1995 aka rufe SOTUC, kamfanin bas na gwamnati da ke jigilar mutanen Duwala da Yawunde tun 1973, kuma SOCATUR da ta gaje shi a 2001 ba ta taɓa samun motocin da za su ishi birnin ba. Masu neman abin hawa suka yi yawa, marasa aiki suka yi yawa, titunan unguwanni kuma suka lalace har tasi ta daina shiga da yawansu. A lokacin ɗan bensikin da sefa 100 yakan kai mutum ƙofar gidansa.

Baburan wancan zamani na Japan ne, Suzuki da Yamaha masu ƙaramin inji, irin wanda ke ƙona wani mai na musamman tare da fetur ya bar shuɗin hayaƙi a baya. Yawancinsu na hannu ne. Shirya babur a lokacin gyara ne zalla: a sauke inji, a canza fistin da ringi, a kankare salansa daga baƙin da ya toshe ta, a nemo fulogi mai kyau. Sabo fil sai mai hali, musamman bayan karyewar sefa, kuma wanda ya mallake shi ba ya ɗaukarsa ya ba ɗan koyo. Yaro yakan fara da wanke babur da tura shi wurin mai faci, sannan a riƙa ba shi aron sa'o'in da mai shi ke hutawa, har hannunsa ya faɗa.

Farkon shekarun 2000 baburan Sin suka shigo, da sunaye irin su Nanfang da Sanili da Lifan, a farashin da bai kai rabin na Japan ba. Wannan shi ya juya sana'ar. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko mai adashe yana iya sayen biyu ko uku ya ba da haya, kuma a karo na farko ya zama ruwan dare a ga sabon babur a hannun sabon direba. Injin da ke cikin yawancinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda kamfanin ya fitar a 1975 bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lodi fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya zama kwalta, ba a zuwa wurin bakanike sai inji ya tsaya. Suka ƙera inji mai sauƙin sassa da zai jure wulaƙanci. Masana'antun Sin sun ɗauki fasalin, amma ba kullum suke ɗaukar ingancin ƙarfen ba, shi ya sa aikin bakanike a ranar farko ya zama da muhimmanci fiye da da.

Babur ɗin a kwali yake isowa, cikin kejin ƙarfe, tayar gaba da kai da madubai da batir duk a kwance daban. Dillali yakan sa yaransa su haɗa, kuma da yake ana biyansu ne bisa yawan abin da suka haɗa, sauri suke yi. Don haka mai gidan da ya san abin da yake yi ba ya yarda da haɗin shago. Yakan tura babur ɗin wurin bakanikensa a sake bin sa da sifana noti bayan noti, tun daga gatarin tayar gaba har maƙalan inji, domin girgizar hanya takan zubar da duk wanda aka bari sako-sako tun a makon farko. Ana ɗaure wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya don kada taya ta riƙa rawa, a sa giris inda masana'anta ta yi rowa, a daidaita birkin gaba da na baya, a bar wa kuloci ɗan sarari a hannu. Sarƙa ana barinta da sassauci na kimanin santimita biyu zuwa uku, saboda idan an ɗaure ta tamau, da fasinja ya hau sai ta ƙara miƙewa ta ci haƙoran da take bi. Bakanike da yawa kuma sukan tsiyaye man da injin ya zo da shi tun kafin a tayar, su zuba wanda suka amince da shi.

Sai babban al'amari, wanda bakaniken Duwala ke kira rodaj. Sabon inji, komai kyan aikin masana'anta, bangon silindarsa yana da ɗan kaushi da aka bari da gangan, kuma ringin da ke kewaye da fistin bai riga ya zauna daram a jikinsa ba. Sai sun goga juna a hankali kafin su dace, su hana matsin wuta zurarewa ƙasa, su kuma hana baƙin mai hawowa sama. A wannan tsakani injin yana zafi fiye da kima, yana kuma zubar da ɗan garin ƙarfe a cikin mai. Ƙa'idar da littattafan masana'antu suka yi tarayya a kai ita ce, a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko kada a murɗe totur har ƙarshe, kada a daɗe a gudu ɗaya, kada a bar inji yana nishi a babbar giya, kada a yi lodi mai nauyi, a kuma riƙa ba shi hutu ya huce. Bayan haka a canza mai, a wanke ɗan rariyar da ke tace shi, domin irin wannan inji ba shi da matatar takarda kamar ta mota, a sake saita bawul, a sake bin notuna. Hori ne irin na ɗanyen doki, wanda idan an gaggauta shi sai ya tashi da halin da ba ya gyaruwa. Injin da aka ci zalinsa a makon farko yakan fara shan mai da hayaƙi tun bai shekara ba.

Daga wurin bakanike sai wurin mai walda, domin babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu za a sa shi aikin da ya fi haka. Ana ƙara wa kariya tsawo da kauri yadda za ta ɗauki kwandon tumatir ko buhun albasa, a sa ƙarfen kariya a gaban inji don ya tare ƙafa idan an faɗi, a faɗaɗa matakan ƙafar fasinja saboda mata masu zani da 'yan makaranta. Wasu sukan sake ɗinka kujera ta yi tsawo, su canza shokozoba da mai ƙarfi. Abin da ya bambanta bensikin da acaɓar Kano a ido shi ne laima. Duwala na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, sama da milimita 3,500 a shekara, a Yuli da Agusta kuma yakan wuni yana zuba. Sai aka ƙirƙiro doguwar laima mai jela, a kafa sandarta a gaban tanki ta rufe direba da fasinja. Tana kawo ciniki da damina, amma tana kama iska, kuma a kan gadar Wuri hakan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai ƙware ba. Ledar da ta zo a jikin kujera da tanki kuwa ba a cika cire ta da wuri ba, don kowa ya san sabo ne.

Akwai kuma gyaran da ake yi domin shi yaron kansa, ko da yake shi aka fi tsallakewa. Ana karkato kan babur gwargwadon tsawon hannunsa, a sauke ko a ɗaga sandar giya da ta birki daidai da zaman ƙafarsa, a saita madubi, a ɗan ɗaga silo a kafireto don kada injin ya riƙa mutuwa a hannunsa tsakiyar mahaɗa. Wasu baburan Sin giyarsu zagaye take yi, wato idan an taka daga ta ƙarshe sai ta koma furi, ta sake faɗawa ta ɗaya. Wanda ya koya a kan wani iri ya hau wannan bai sani ba, yana iya jefa ta ɗaya yana cikin gudu, tayar baya ta ƙulle. Tsofaffin direbobi kan ja kunnen yaro a kan wannan, da kuma a kan damƙe birkin gaba a jiƙaƙƙen titi.

A zango ba a miƙa makulli haka kawai. Akan kai babur ƙofar mai gida ko bakin masallaci, a yi fatiha, a raba goro ko ɗan abin sadaka, masu wucewa su ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Abokai su nemi a wanke musu. Mai gida ya yi wa yaro nasiha a gaban shaidu, kuma wannan zama sau da yawa shi ne kaɗai takardar da ke tsakaninsu.

Sharaɗin da aka ƙulla a wurin shi ke yanke hukuncin ko za a bi ƙa'idar bakanike ko ba za a bi ba. Tsari biyu aka fi sani. Ko dai yaro ya riƙa kawo balas kullum, wanda shekaru da yawa ya tsaya a wajen sefa 3,000, babur yana nan na mai shi, ko kuma a yanka masa jimillar da ta ɗara kuɗin saye, ya riƙa biya har ya gama, babur ya zama nasa. A tsari na biyu yaron yana da dalilin lallaɓa inji, tunda nasa ne gobe. A na farko ba shi da shi. Kowanne aka ɗauka dai, lissafi yakan fara ne tun ranar da aka karɓi makulli, kuma ba kowane mai gida ke yafe balas na kwanakin rodaj ba. Yaron da aka ce kada ya yi lodi, ga mai kwando biyu a bakin Sandaga tana tayin kuɗi mai kyau zuwa New Bell ko Ndokoti, ga fetur da abinci da balas suna jiransa da yamma, ba sai an faɗi abin da zai zaɓa ba. Masu gidan da suka daɗe a harkar sukan ba wani gogaggen direba sabon babur ya yi masa makon farko, ɗan koyo kuma ya fara a kan tsoho. Wannan ita ce dabara mafi hankali da sana'ar ta samar, kuma ba ita ta fi yawa ba.

Koyon tuƙin ma gajere ne. Kwana kaɗan a fili ko a layin unguwa da dare, ɗan'uwa yana zaune a baya yana faɗin kama kuloci, saki a hankali, shi ke nan. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne sanin gari: sunayen mahaɗu, da farashi, da ɗan Faransancin ciniki da Turancin buroka, da inda 'yan sanda ke tsayawa. Doka ta tanadi fiye da haka. Gwamnati ta fitar da ƙa'idojin sana'ar a 1995, ta sabunta su da dokar Firayim Minista ta 31 ga Disamba 2008, wadda ta nemi direba ya kai shekara 18, ya mallaki lasin tuƙi na rukunin A, babur ya samu rajista da lamba da inshora, a tanadi hular kwano ta direba da ta fasinja, a sa rigar shaida. Kaɗan ne suka cika waɗannan duka. Kuɗin takardu yana da nauyi a kan wanda ya ci bashi ya sayi babur, da yawa kuma suna ganin sallamar jami'i a bakin hanya ta fi arha.

Sakamakon yana bayyana a asibitin Laquintinie, inda mutanen gari suka daɗe da laƙaba wa sashen masu karaya sunan bensikin. Ya kuma bayyana a siyasar birnin. A ƙarshen Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan farashin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma da ta fara daga Duwala ta bazu, 'yan babur suna cikin waɗanda aka fi gani a titi. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce sun haura 100. A farkon 2012 rikici ya ɓarke tsakanin matasan Deido da 'yan bensikin bayan kisan wani saurayi ɗan unguwar, aka ƙona babura da shaguna. Hukumomi suka ƙara tsananta hana 'yan bensikin shiga wasu unguwanni, irin su Bonanjo inda ofisoshin gwamnati suke. Sanin waɗannan iyakoki ya shiga cikin karatun ɗan koyo, domin babur ɗin da aka kama ranar farko a inda aka hana, balas ɗinsa bai daina tafiya ba.

Masu shigowa kuwa ba su ragu ba. Rikicin Boko Haram ya sa an taƙaita zirga-zirgar babura a sassan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru daga 2014, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai samari da yawa suka nufo kudu. Daga 2016 rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya koro wasu dubbai zuwa Duwala, su ma da yawa babur suka kama. Baburan Indiya irin su Bajaj da TVS sun shigo suna gogayya da na Sin, sun fi tsada amma sun fi tsimin mai, abin da ya ƙara nauyi a lissafi da litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a 2024. A kasuwanni kuma babur mai ƙafa uku mai bodi ya karɓe wani kaso na dakon da amalanke da bensikin ke yi.

Babur ɗin haya ba ya daɗewa yana sabo. Aikin safe zuwa dare a ruwa da rami yakan gajiyar da inji cikin 'yan shekaru kaɗan, sai a sauke shi a rarake silinda, a sa fistin da ringi masu ɗan ƙarin girma, a sake yi masa rodaj kamar na farko. Ana iya yin haka sau biyu ko uku kafin bangon silinda ya yi sirantar da ba ya karɓar wani. Daga nan mai shi yakan sayar da shi ga masu kai kaya ƙauyukan kewaye, ko ya bar wa ƙanen da ya zo daga gida ya koyi hannu a kai, ko a farke shi a sayar da sassansa ga bakanike.